Injiniya Malami da Jar Guguwarsa

Duk wanda ya zauna a yankin Washington a shekarun nan da suka wuce, ya ce bai san Injiniya Malami Dabo ba, to a tausaya masa, don ya yi zaman banza a ƙasar mutane. Injiniya mutum ne da Allah ya yi wa baiwar sanin mota tun daga taya har rufi. Ba wata jami'a ce ta ba shi injiniyancin ba, jami'o'in ba su kai nan ba tukuna. Shi ne dai wata rana ya zauna ya dubi kansa da idon basira, ya ga ya cancanta, ya tafi wani shago a Wheaton aka buga masa kati da ruwan zinariya. Tun daga ranar, duk wanda ya kira shi Alhaji kawai sai ya tarar kunnen nasa ya ɗan yi nauyi.

Sana'arsa ta yau da kullum ita ce sayen tsofaffin motoci a gwanjo, ya tura su tashar jiragen ruwa ta Baltimore a loda zuwa Kwatano. Amma ba ya son a ce masa dillalin mota. Abin da yake yi, in ji shi, shi ne sada nahiyoyi biyu ta hanyar fasaha. Yana da gida a Mitchellville mai gareji biyu, da mata, Hajiya Hansatu, wadda nas ce a wani asibiti, da 'ya ɗaya, Humaira, wadda ake yi wa Hausa ta amsa da Turanci. A kan titi kuwa ba a taɓa ganin direba mai natsuwarsa ba. Jif ɗinsa mai canja giya da kanta tana bin layin dama na babbar hanya a hankali, manyan motocin kaya na wuce ta suna danna mata oda. Ya sha bayyana wa masu tambaya cewa ƙwararre ba ya nuna kansa a tsakiyar 'yan koyo.

A watan Afrilun 2006 ne tarihi ya zo ya same shi har filin gwanjo. Wata tsohuwar motar Turai ce mai ƙofa huɗu, ja, mai kusurwoyi kamar akwatin ƙarfe, wadda ta yi shekara tara a rumbun wani manomi. Ba wanda ya taya ta sai shi. Da janwe ta sauke ta a ƙofar gida, ɓeraye biyu suka fito daga ƙarƙashin kujera suka shige ciyawar maƙwabci. Hajiya Hansatu ta leƙo ta tambaya ko ita ma Kwatano za ta, don in haka ne ya kamata a ji tausayin wanda zai saya. Injiniya ya yi murmushin da ya saba yi wa mutanen da ba su yi zurfi ba, ya dafa rufin motar.

"Hajiya, ki iya bakinki a gaban wannan," in ji shi. "Abin da kike gani, guda ɗari biyar kacal aka ƙera a duk duniya. A shekarun tamanin Turawa suna da wani tsere na motocin gida, irin waɗanda ake kai yara makaranta da su, kuma doka ta ce kamfani ba zai shiga da mota ba sai ya ƙera irinta ya sayar wa jama'a. Kamfanin nan injinsa ƙarami ne, ana yi masa dariya. Sai ya ɗaura masa turbo. Shekarar farko injuna suka riƙa fashewa a fili. Ta biyu aka gano zafi ne, aka sa mata abin sanyaya iska. Ta uku kuwa sai da masu manyan injuna suka je suka yi kuka aka canja doka, aka hana ta shiga. Motar da aka kora saboda ta fi ƙarfin kowa, ita ce yau ta zaɓi gidanki."

Hajiya ta ce to Allah ya sa alheri, amma a janye ta daga inda take ajiye tata motar.

Wannan tarihi ya samo shi ne daga wani ɗan littafi da ya tsinta a cikin motar, wanda ɓeraye suka riga suka ci rabinsa. Ragowar rabin ya cike da basirarsa. Ya raɗa wa motar suna Guguwa, ya fara zaga gari da labarinta. A wani suna da aka yi a Wheaton, kakannin Guguwa sun ci tsere goma sha ɗaya. Zuwa Ƙaramar Sallah sun ci goma sha tara. Kafin Babbar Sallah har ya fara cewa "a shekarar da muka kayar da Jamusawa", alhali a wannan shekara yana sayar da madubin babur ne a kasuwar Ƙofar Ruwa can gida. Kuma kowane labari yana ƙarewa da bayanin cewa sirrin mota duk iska ne: hayaƙin da inji ya fitar shi ke juya wata 'yar farfela, ita kuma ta cusa iska cikin injin da ƙarfin tsiya. Direbobin tasi da ke shan shayi a bayan shagunan Wheaton sun saurari bayanin iskar nan sau ba adadi, har suka naɗa shi Ministan Iska. Da sunan ya iso kunnensa bai ji haushi ba ko kaɗan. Ya ce mutane sun fara gane abin da ke gabansu.

Matsala ɗaya ce kawai: Guguwa ba ta tashi. Injiniya ya buɗe bonet ya dubi injin na tsawon lokaci, hannu a bayansa, ya yanke hukuncin cewa ƙananan ayyuka ne da bai kamata mutum irinsa ya ɓata hannu a kansu ba. Aka ja ta zuwa garejin Malam Hamani.

Malam Hamani mutumin Dogon Dutsi ne, ya haura hamsin, ya yi shekara goma sha biyar yana gyara motoci yana tuƙa su tsakanin Agadas da Arlit kafin ya zo Amurka. Ba shi da yawan magana. Ya zagaya motar sau biyu, ya shiga ƙarƙashinta da tocila, ya fito yana kakkaɓe tsatsa daga gemunsa.

"Bon, Alhaji," in ji shi da ɗan Faransancinsa, "motar ga tana da sauran rai. In ka ba ni lokaci za ta yi gudu."

Da gaske yake, don motar ta shiga ransa tun a ranar. Shekara biyu da rabi ya yi yana ba ta ranakun Asabar ɗinsa. Ya sauke injin ya wanke shi guntu-guntu, ya nemo turbo daga wani tsoho a Ohio, ya cire kujerun baya, ya yi mata waldar ƙarafan kariya a ciki, ya sa birki mai ƙarfi. Injiniya shi ma bai zauna ba. Wato ya zauna, amma a kan wata kujerar naɗewa da ya saya musamman, yana ba da umarni. Yana da wata baiwa ta ba da umarnin abu daidai lokacin da Hamani ya gama yin sa. Shi ya zaɓi kalar fenti, wato ja a kan ja. Shi ya sa aka rubuta sunansa a ƙofofi huɗu. Wata guda suka yi suna jayayya a kan na'urar sanyaya ɗaki, don Injiniya bai ga dalilin da zai sa mutum mai daraja ya yi gumi saboda yana tsere ba.

Babbar gudummawarsa ta zo ne ranar da aka fara tayar da injin. Ya karanta a intanet cewa ana iya ƙara wa turbo iska, don haka ya ce a ƙara. Hamani ya ce injin bai gama zama ba. Injiniya ya tuna masa waye injiniya a cikinsu. Aka ƙara. Injin ya yi wani kuka mai daɗi na kamar minti ɗaya, sannan ya yi tari, farin hayaƙi ya cika garejin har mai shagon kifi da ke maƙwabtaka ya fito da guga. Injiniya ya fito yana share ido, ya ce haka ma ya faru da kamfanin a shekarar farko, saboda haka suna kan hanya. Hamani ya sake sauke injin, ya yi wata huɗu yana gyara. Da ya gama sai ya samo maɓallin wata tsohuwar rediyo, ya kafa shi kusa da sitiyari, ya rubuta masa lamba ɗaya zuwa goma, bai haɗa shi da komai ba. Ya ce wa Alhaji ga abin ƙara iska nan. Tun daga nan aka zauna lafiya. Injiniya kan murɗa shi zuwa bakwai, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai ya ce lallai an ji bambanci.

A watan Mayun 2009 Guguwa ta shiga tserenta na farko. Wata ƙungiyar masu sha'awar tsere ce ke shirya shi a wani fili da ke cikin tsaunukan West Virginia, tafiyar sa'a biyu daga gida. Tseren sa'a uku ne, direbobi biyu suna karɓa-karɓa. Kafin nan sai da kowannensu ya yi kwas na kwana biyu. Malamin kwas ɗin ya sa wa Hamani hannu nan take, na Injiniya kuwa sai da ya yi dogon numfashi tukuna.

Motoci huɗu suka rako su. Hajiya Hansatu ta zo da kular waina da miyar taushe. Akwai kuma Chundung, wata 'yar Jos mai aiki a sashen Hausa na wani gidan rediyo, wadda Injiniya ya yi wata uku yana kira har ta yarda ta zo da rikodarta. Ya bayyana cikin jar rigar da wuta ba ta ci, an yi mata aikin sunansa a gadon baya. An ɗan sha wahala wajen hular kwano, don ya so ya ɗora ta a kan zannarsa, sai da wani jami'i ya roƙe shi ya zaɓi ɗaya. Ya sanar cewa shi zai fara, domin farkon tsere shi ne wurin da ake bukatar ƙwaƙwalwa.

Motoci talatin da ɗaya suka tashi da ƙara kamar ƙasa za ta tsage. Talatin suka ɓace a kwanar farko. Ta talatin da ɗayan ta iso kwanar cikin mutunci, ta rage gudu, ta kunna sigina ta dama, sannan ta sha kwanar. A ciki kuwa Injiniya ya lafe a kujera. Bai taɓa sanin haka filin yake ba. Daga kujerar naɗewa abin bai yi kama da wannan ba. Duk inda ya duba a madubi sai ya ga hancin wata mota ya cika shi, kafin ya yi tunani ta wuce har Guguwa ta girgiza. Ya riƙe sitiyari da hannu biyu, ya karanta duk addu'ar da ya sani, har da addu'ar shiga kasuwa.

Ma'aikatan da ke tsaye a bakin hanya suka fara kaɗa masa shuɗiyar tuta, wadda ma'anarta ita ce masu gudu na bayanka, ba su hanya. An koya wannan a kwas, amma a lokacin yana waje yana amsa waya. Ganin Turawa na kaɗa masa tuta a kowace kwana sai hankalinsa ya ɗan kwanta. Ya saki hannu ɗaya ya riƙa ɗaga musu. A zagaye na bakwai aka nuna masa baƙar tuta da lambar motarsa, wannan kam ya gane, ya shigo.

Shugabar filin wata tsohuwa ce mai farin gashi, sunanta Olive. Ta sunkuyo ta taga ta yi masa magana cikin ladabi. Ta ce shekararta talatin a wannan aiki, ta fitar da mutane da yawa saboda ganganci, amma shi ne na farko da za ta roƙa ya huta saboda ya zama kamar dutse a tsakiyar hanya. Ta ce ta duba agogo, motar asibitin da ta zaga filin da safe don duba hanya ta fi shi sauri da daƙiƙa huɗu.

Injiniya ya fito daga motar. Hamani ya shiga, ya gyara kujera, ya fita. Chundung ta matso da rikoda ta tambayi Injiniya abin da ya faru. Ya sha ruwa, ya gyara murya.

"Abin da kuka gani, 'yar'uwa, a harkarmu ana kiransa ɗumama inji," in ji shi. "Turbo kamar jariri yake, ba a tashinsa da tsawa. Waɗannan da suka fita a guje, ki zuba ido ki gani. Ni na yi mai wuyar. Na shirya motar, na karanci abokan hamayya ɗaya bayan ɗaya yayin da suke wucewa, na miƙa wa mataimakina ya ƙarasa. Ita ma shugabar fili abin da ta zo gaya mini ke nan, cewa a shekara talatin ba ta taɓa ganin irina ba."

Hamani ya karɓi motar tana ta ƙarshe, an zagaye ta sau uku. Ya gama a ta goma sha ɗaya. Da ya fito, direbobin wasu motoci suka zo suna ba shi hannu suna leƙa injin. Injiniya ya ratsa tsakiyarsu ya tsaya a gaban bonet don kada a yi hoto babu mai ita.

Bayan wannan rana ne aka gano Injiniya yana da ciwon baya, irin wanda ba ya tashi sai ranar tsere. Saboda haka, da baƙin ciki mai yawa, ya sauka daga tuƙi ya hau kujerar Shugaban Tawaga. Suka koma gajerun tsere na direba ɗaya. Aikin Shugaba shi ne ya tsaya a kan katanga da agogo a wuya da abin hangen nesa, in Guguwa ta wuce ya ce wa Hamani ya taka, duk da cewa tsakaninsu akwai rabin mil da hular kwano da ƙarar injuna talatin. In ta ci gaba, umarninsa ne. In ta koma baya, ba a saurare shi ba.

A 2010 turbo ya ƙone sau biyu. Hamani ya yi dogon nazari, ya cire shi ya sa wani ƙarami wanda ke kamawa da wuri. Injiniya ya yi fushi, don a ganinsa mutum ba ya komawa ƙarami bayan ya ɗanɗana babba. Amma sai Guguwa ta fara fita daga kwana kamar an harbo ta, ta bar sababbin motoci suna neman giya. Nan take ya tuna cewa shi ya fara kawo shawarar. A 2011 ta zo ta biyu a rukuninta. A 2012 ta ci tsere biyar cikin takwas, ta ɗauki kofin shekara. Tsohuwar mota mai ƙofa huɗu, wadda ɓeraye suka haihu a cikinta, ta kayar da motocin likitoci da lauyoyi. Ranar Hamani ya zauna a kan taya bayan gareji ya daɗe, idonsa ya yi ja. Kofin kuwa a jif ɗin Injiniya ya koma gida, an ɗaura masa bel a kujerar gaba.

Aka kama zaure aka shirya walimar rana. A bango an rataya hoton Injiniya da hular kwano, tsayinsa ya fi mutum. Zeinabou, matar Hamani, ta ɗinka sabon leshi, ta gayyato 'yan'uwansu har daga Woodbridge, don shekara shida ke nan mijinta ba ya cin abincin Asabar a gida, yau dai za a faɗi sunansa a gaban jama'a. Injiniya ya karɓi lasifika ya yi minti arba'in. Ya fara daga shekarun tamanin. Ya gode wa marigayi mahaifinsa wanda ya taɓa saya masa keke. Ya gode wa injiniyoyin Turai, 'yan'uwansa a sana'a. Ya gode wa iska.

"Mutane suna ganin wanda ya riƙe sitiyari sai su ce shi ya ci," in ji shi a ƙarshe. "Wannan kuskuren jahilai ne. Mota irin wannan, in an tsara ta yadda na tsara ta, ko wa ka ɗora a kai zai kai ta. Duk da haka ba zan manta da ma'aikatanmu na gareji ba. Su ma sun yi iya nasu. A tafa musu."

Aka tafa. Zeinabou ba ta tafa ba. Ta ɗauki jakarta ta fita, Hamani ya gama shan lemonsa a hankali ya bi ta.

Washegari da hantsi ya kawo Guguwa Mitchellville a kan tirela, ya sauke ta a ƙofar gareji, ya miƙa wa Injiniya makulli. Babu faɗa, babu ɗaga murya. Ya ce wata tawaga a Virginia ta daɗe tana nemansa, ya amsa musu.

"Ga motarka, Alhaji," in ji shi. "Birki sabo ne, mai na ciki. Mi ya rage? Tuƙi kawai, kuma ka ce kowa na iyawa."

Injiniya ya shaida wa jama'a cewa ya sallami mataimakin nasa ne don ya je ya yaɗa ilimin da ya koya a wurinsa, kuma kakar baɗi shi da kansa zai koma fili. Baɗi ta zo, ciwon bayan ya motsa. Sai kuma aka ce ana jiran wani ƙarfe daga Turai. Daga nan azumi ya shigo. Guguwa tana gareji an lulluɓe ta da bargo, Hamani kuwa ana jin labarin yana cin tsere da motar wasu. A teburin shayi na Wheaton magana ta fara canjawa. Wani direban tasi mai suna Muntaka, wanda ba ya iya riƙe tambaya a cikinsa, ya faɗa a gaban mutane cewa shi dai yana son ya san ko akwai mahaluƙin da ya taɓa ganin Minista ya wuce keke. Aka yi dariya. Dariyar ta iso Mitchellville kafin la'asar, kuma wannan karon ta yi zafi. Injiniya ya rage zuwa shayi. Yakan shiga gareji ya yaye bargon, ya zauna a motar, ya riƙe makulli ya daɗe, sannan ya mayar da bargon.

Sai Allah ya kawo masa mafita ta akwatin gidan waya. A watan Yunin 2014, yana duba wasiƙun da suka taru, ya tarar da wata daga hukuma. Takardar tara ce ta irin kyamarorin da ake kafawa a bakin titi. Ga hoton Guguwa daga baya, ja jawur, lambarta ta fito sarai. A ƙasa an rubuta mil sittin da ɗaya, a inda doka ta ce talatin da biyar. Ya karanta sau uku. Ya tuna lallai akwai ranar da ya fitar da ita zuwa gidan mai, a giya ta biyu, injin na ruri, kuma ko a lokacin ya lura bishiyoyi suna wucewa da wani irin sauri. Ashe abin da ya faru ke nan. Bai tsaya duba sauran ƙananan rubutun ba, domin injiniya lambar da ke da muhimmanci yake dubawa. Mutane in sun sami irin wannan takarda ɓoye ta suke yi. Shi gilashi ya sa aka yi mata, da firam mai ruwan zinariya.

Ya jira har ranar da ƙungiyar Hausawan yankin ta yi taron cin abincinta na shekara a wani lambu. Kowa yana nan, har da Hamani da Zeinabou a ƙarƙashin wata bishiya can gefe. Bayan azahar ya nemi a yi shiru, ya hau kan benci, ya yaye ƙyallen da ya rufe firam ɗin.

"Na ji ana 'yan tambayoyi a gari," in ji shi. "Ban amsa ba, don ba na jayayya da teburin shayi. Yau ga amsa daga gwamnatin Amurka da kanta, da hatiminta, da na'urarta wadda ba ta san ɗan'uwa ba. Mil sittin da ɗaya a cikin unguwa, jama'a, kuma wallahi ko taka ta ban yi ba. Wanda ya iya karatu ya zo ya karanta."

Muntaka ya zo. Ya ce idonsa ba ya ganin ƙananan rubutu, ya miƙa wa Humaira, wadda yanzu ta shiga jami'a. Ita kuwa ba ta san abin da ake ciki ba, ta karanta da Turanci da ƙarfi, tun daga lambar mota har kwanan wata: Asabar, goma ga watan Mayu, ƙarfe ɗaya da kwata na rana. Muntaka ya yi lissafi da yatsu. Sannan ya ce abin da mamaki, don shi da kansa ya kai Minista filin jirgin sama ranar takwas ga Mayu za shi Kwatano, kuma shi ya ɗauko shi ranar ashirin da biyu.

Injiniya yana kan benci, bakinsa a buɗe, yana neman bayanin da ya dace da kimiyya. Hajiya Hansatu tana can tana zuba wa mutane waina, ba ta ma ɗago kai ba.

"Ni ce," in ji ta. "Tawa ta ƙi tashi, ka tafi da makullin jif, ga sunan jikar abokiyar aikina na yi latti. Ni da na koyi tuƙi da a-kori-kurar babana, me zai gagare ni? Kuma lallaɓa ta na yi, ban wuce giya ta uku ba, saboda kular miyar da na ajiye a ƙasa." Ta juya wajen bishiyar ta ɗaga murya kaɗan. "Malam Hamani, Allah ya yi wa hannunka albarka. Ko ɗigo ba ta zube ba."